Ƙararrawar da Aka Sa wa Hula

Tashar awon yanayi, kan dutse
13 ga Disamba

Kalica eje,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki, da ɗanki, da matarsa Perizat. Yaya ƙafar taki da sanyin bana? Ni lafiyata ƙalau. Dusar ƙanƙara a ma'auninmu ta kai santimita sittin da huɗu, sanyin safiyar yau kuma digiri ashirin da shida ƙasa da sifili. Ishen baike, abokin aikina, yana gaishe ki. Wai in faɗa miki busasshen cukun da kika ba ni ya kusa raba shi da haƙorinsa na ƙarshe.

Eje, yayata, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da ya hana ni jin daɗin abinci kwana biyar ke nan. Zan jero miki shi daki-daki, don kada in ruɗa ki, ko in ruɗa kaina.

A watan Oktoba 'yan kwana-kwana suka zaga unguwarmu da takarda, cewa duk gidan da aka ba haya, in akwai murhun kwal a ciki, dole mai gida ya sa ƙararrawar hayaƙi, ya kuma sa hannu cewa tana aiki. Ƙaramin gidanmu na baya, wanda Ermek da matarsa Nurzat suke haya, ya shiga ciki. Na sayo, na ɗaura ta a silin ɗakin da murhu yake, na danna maɓallinta, ta yi ƙarar da ta sa karen maƙwabta haushi har ya shaƙe. Na sa hannu. Duk yana cikin littafina, 19 ga Oktoba.

Sai Nurzat ta haihu. Ermek yana can Rasha wurin aikin gini, sai bazara, don haka mahaifiyarsa Burul apa ta taso daga ƙauye ta zauna da mai jego har a yi arba'in. Kin san tsofaffinmu da turaren itacen arca. Safe da yamma sai ta kunna reshe a faranti, ta zagaya ɗaki, ta zagaya jaririya sau uku saboda bakin mutane. Tana kunnawa ƙararrawa za ta ɗauka. Jaririya ta tsandara kuka, Nurzat ta rasa inda za ta sa kanta, tsohuwa ta fito tsakar gida tana cigiyata.

Ranar 4 ga wata aka yi bikin sa jaririya a beshik, gadon katakon nan da ake ɗaure jarirai a ciki, ranar da ƙafarki ta hana ki zuwa, kuma ranar da Abdish, direban motar tasha, zai ɗauke ni. Mata sun cika ɗaki, za a turara gadon kafin a kwantar da ita. Burul apa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Toktosun ɗana, ko ka rufe wa shaiɗaniyar nan baki, ko ni in rufe mata da sandar murjin taliya. A gidan mahaifinka aka taɓa korar arca?" Mata suka sa dariya. Kunya ta kama ni. Na hau kujera na cire batir, da niyyar in mayar da zarar hayaƙi ya fita.

Ga abin da littafina ya ce: "11:20, na cire batir, na ɗan lokaci." Layin da ke biye: "12:05, Abdish ya iso da mota, na kulle gidan gaba." Tsakaninsu babu komai. Kin san ni, ko ƙusa na buga sai na rubuta. In na rufe ido ina ganin kaina a kan kujerar nan sau biyu, na cirewa da na mayarwa, amma ban sani ba, tunawa nake yi ko fata nake yi.

Ranar 8 ga wata ina neman fensir a aljihun kwat ɗina na gari, sai hannuna ya taɓa batir. Na zauna a bakin gado. To amma guda biyu na saya a Oktoba, ɗaya na sa, ɗaya na ajiya. Wannan na aljihu, na ajiyar ne, ko wanda na cire? Na juya shi ya fi sau ɗari. Babu wata alama.

Da ɗakin lafiyayye ne da abin bai kai haka ba. Bututun murhun ya tsage daidai inda ya ratsa silin, dab da katakon rufi. Na gani tun Satumba, na ce zan kira magini, ban kira ba. An liƙe tagogi da takarda saboda hunturu. Burul apa ba ta ji da kunnen hagu. Nurzat kuwa sai ta je ƙarshen layi ɗiban ruwa a famfo sau biyu a rana, jaririya tana ɗaure a beshik da majanyu biyu.

Na roƙi yarinyar da ke karɓar rahotonmu ta rediyo ta buga miki waya, amma minti biyu ake ba mu, ban san me ta ji ba. Don Allah ki je da kanki. Kada ki tsaya ga kallo. Ki sa sanda ki danna maɓallin tsakiya, ki riƙe. In ta yi ƙara, shi ke nan, ki yi min dariya iya son ranki. In ta yi shiru, ki sayi batir a shagon bakin kasuwa.

Sai Fabrairu zan sauko. Abdish zai dawo bayan kwana goma, ki ba shi amsa. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.

Ƙanenki,
Toktosun

*

22 ga Disamba

Toko, sarkin wasu-wasi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa tana nan tana ba ni labarin ruwan sama kafin ku masu ma'auni ku sani. Ka ce wa Ishen cuku tsotsa ake yi, ba a yi shi don tsofaffi masu garaje ba.

Yarinyar ofishinku ta kira, wai in duba ko ƙararrawa tana nan. Na ce yo ina za ta, ƙafa gare ta? Da wasiƙarka ta zo na karanta sau biyu, na ce ikon Allah, yaron nan shekara arba'in da uku bai canja ba. Kai ne fa kake komawa daga bakin makaranta ka duba ko ka rufe garken awaki, ka tarar a rufe, ka sha bulalar latti a banza.

Duk da haka na je, ranar 18, mota biyu na hau saboda kai. Na kai musu bursok, soyayyen ƙullin fulawar nan namu, da yadi. Burul apa ba ta bar ni na leƙa jaririya ba sai da ta turara ni kamar naman da za a ajiye. Yarinya tubarkalla, kumatu kamar tuffa, Akmaral aka sa mata. Bayan mun sha shayi na ɗauki tsintsiya zan danna abin naka. Tsohuwa ta cafe tsintsiyar ta ce, "Kalica, da girmanki? Jaririyar da ba ta yi arba'in ba za ki firgita? In kurwarta ta tashi, ke za ki kamo ta?" To, ni baƙuwa ce a ɗakinta, kuma ta girme ni da shekara ashirin. Na ajiye tsintsiya.

Amma kwantar da hankalinka. Abin yana nan daram, kuma tun da ka tafi ko tari bai yi ba. A gabana ta turara ɗakin har idona ya kawo ruwa, shiru kake ji. Ta ce yanzu sun shirya da ita. Har hula ta sa mata, 'yar jar hular ulu ta Akmaral, ta ɗaure da zare, wai kada ƙura ta dame ta. Da ka gani da ka yi dariya, kamar wani ɗan tsoho ne ya leƙo da kai ta silin.

Nurzat dai kamar kullum, kai a ƙasa, zuba shayi, miƙa kofi. Da ta rako ni bakin ƙofar gida sai ta tsaya tana murza gefen ɗankwali, ta ce, "Eje, in an cika murhu da rana ɗakin yana wani wari." Kafin in tambaya tsohuwa ta ƙwala mata kira ta koma. Na ce a raina ɗakin da ake ƙona arca sau biyu a rana ai dole ya yi wari.

Na ce Perizat ta raka ni, ta ce kanta yana ciwo. Na san ciwon. Shekara huɗu da aure shiru, ba ta son gidan jego. Ka sa ta a addu'a, tun da kai ka fi mu kusa da sama.

Ga safa da man shanu na ba Abdish. Ka ci abinci, ka bar juya batir. Da mata kake da ita da ka sami abin damuwa na gaske.

Yayarka,
Kalica

*

Tasha, 24 ga Disamba

Kalica eje,

Salam, na gode da safa. Ki yafe gajeruwar gaisuwa da munin rubutu, Abdish yana shan shayi, ya ce lokacin shan kofi uku kawai zai ba ni.

Eje, shirun nan da kika ba ni labari don in ji sanyi, shi ne abin da nake tsoro. Aikinta ke nan ta yi ihu in ta ji hayaƙi. In an turara ɗaki har idonki ya kawo ruwa ba ta ce komai ba, to ranar da katako ya kama ma ba za ta ce komai ba. Ko dai babu batir, laifina, ko hular ce ta toshe mata hanci. Ko duka biyun. Kowanne ne, abin da ke manne a silin nan kwalliya ce.

Warin da Nurzat ta faɗa ba na arca ba ne. Yarinyar da aka haifa cikin hayaƙin arca ta san warinsa. Ta ce in an cika murhu. Katako ba ya kamawa rana ɗaya, eje. Zafi yana fita ta tsagar nan yana gasa shi kaɗan-kaɗan, yau ya bushe, gobe ya yi baƙi, har ranar da zai ce ya isa. Ta tara ƙarfin halinta duka ta faɗa miki jimla ɗaya a bakin ƙofa. Kin san abin da wannan yake nufi ga surukar gida.

Ranar bikin, da ake ɗaure Akmaral a beshik, na duba agogo, halin banza. Minti huɗu aka yi. Na rubuta a bayan littafi da muka shiga mota don abin ya ba ni sha'awa. Yanzu layin nan nake ta kallo. In ɗaurewa minti huɗu ce a hannun mata masu nishaɗi, kwancewa minti nawa ce a hannun wanda ya firgita, cikin hayaƙi?

Na karanta wa Ishen baike wasiƙarki. Ya ce, "Kai ba ka haifa ba, ka ɗauki 'yar wani ka ɗora a ƙirji kamar dutse." Daga baya ya ga na rubuta awon tsakar rana a gurbin na safe, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara goma sha tara, sai ya daina tsokana. Na yi tunanin in biyo Abdish. Amma mu biyu ne a nan, ba a barin mutum ɗaya a kan dutse da hunturu, kuma babu mai canjina sai Fabrairu.

Ga batir ɗin na naɗe a takarda a cikin ambulan. Abu uku nake roƙo. A cire hular. A buɗe murfin, in babu batir a sa wannan, in akwai a danna a ji. A daina cika murhu har baki, gara su ƙara bargo.

Na san ba a cire abin da babba ya sa da hannunsa. Nurzat ba za ta iya ba, ni ma da nake mai gida dariyar mata kawai ta sa na hau kujera. Ba na so a ci wa Burul apa fuska, jikarta take karewa da abin da ta sani. Amma ke kin fi ni dabara tun muna yara. Ke kika sa Baba ya sayar da dokin nan mai harbi yana ganin shawararsa ce.

Ni na sa hannu a takarda cewa tana aiki. Amma wallahi ba takardar ce take zuwar min a rai ba. Jar hular nan ce. Wataƙila duk wasu-wasina ne, kamar garken awaki. Allah Ya sa haka ne. Ki je gobe, kada ki bari jibi.

Abdish ya kife kofi.

Ƙanenki,
Toktosun

*

Tasha, 9 ga Janairu

Kalica eje,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya. Ban san me kuma zan yi fata ba.

Ranar 30 ga Disamba guguwa ta taso, kwana huɗu ba ta tsaya ba. Ta rufe hanya, ta karya sandar rediyonmu, ba ma ji ba a jin mu. Abdish da ya kamata ya zo ranar 3 sai yau ya iso, a bayan motar share hanya. Na tare shi tun bai kashe mota ba. Ya ba ni fulawa, kalanzir, jaridu. Na ce wasiƙa fa? Ya ce babu, da asuba aka ce masa an buɗe hanya, ya taso bai biya ta gidan kowa ba.

Muna sauke kaya yake cewa, kamar labarin farashin dankali, wai an yi gobara ranar 5 da tsakar rana a unguwar bayan injin niƙa, wato unguwarmu. Daga gareji ya hango hayaƙin. Na ce wane layi? Bai sani ba. Gidan wa? Bai sani ba. Abin da ya ji a bakin mutane kawai, gidan baya ne na haya, akwai jariri a ciki, kuma an tafi da wata tsohuwa asibiti. Na ce jaririn fa? Ya kalle ni, sai a lokacin ya tuna inda ya ɗauke ni. Ya ce, "Toktosun baike, wallahi ban tambaya ba."

Na zauna na lissafa. A bayan injin niƙa gidaje goma sha ɗaya ne masu gidan baya na haya. Waɗanda na san akwai jariri a ciki, biyu. Masu jariri da tsohuwa, ɗaya. Na sake lissafawa ta wata hanya, amsar ba ta canja ba. Wataƙila akwai wanda ban sani ba. Wataƙila an haihu bayan tafiyata.

Na haɗa jakata na shiga mota. Ishen baike ya ce in tafi, shi zai riƙe tasha, wai dutse ya saba da shi. Abdish ya tayar da mota, na waiga na ga tsohon a bakin ƙofa, shekara sittin da ɗaya, babu rediyo, babu kowa sai kwana goma. Na ce a tsaya, na sauko. Ga gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba sai ke: ban sani ba ko don Ishen na sauko, ko don tsoron abin da zan tarar.

Ranar 6 ce arba'in ɗin Akmaral. Na rubuta tun tuni a littafi, in aika mata da wani abu.

Eje, kome ne ne ki rubuta. Kada ki rage min, kada ki jira in sauko. Abdish ya yi alkawari zai kawo miki wannan hannu da hannu.

Ƙanenki,
Toktosun

*

17 ga Janairu

Toko,

Suna raye, su ukun. Karanta wannan layin sau biyu, ka sha ruwa, sannan ka ci gaba.

Yanzu assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka yafe min, a asibiti nake wuni wurin tsohuwa, ban san an buɗe hanya ba sai da Abdish ya tsaya a ƙofata da fuska kamar mai kawo ta'aziyya. E, gidanmu ne. Bari in ba ka labari a jere, yadda kake so.

Da wasiƙarka ta batir ta zo, na kwana biyu ina neman hanyar da zan raba tsohuwa da hular nan ba tare da faɗa ba. Perizat ce ta ba ni dabara ba ta sani ba, na gan ta tana ninke kayan jariran maƙwabta daga igiya. Ranar 27 na je da alewa da ɗankwali sabo. Na sha shayi, na yaba Akmaral, na sunkuyar da kai na ce, "Apa, roƙo na zo. Surukata shekara huɗu shiru. Ki ba ni kayan jikarki in kai mata, ko Allah Ya sa ta sami albarkar." Ka san wannan roƙo ba a hana shi, wanda ya hana ya ji tsoron nasa. Tsohuwa har da ƙwalla, ta buɗe akwati tana fito da riguna. Na ce a'a, wancan nake so, na nuna silin. Hular da ta sha hayaƙin arca safe da yamma sati uku, wace riga ce za ta kai ta tsarki?

Ta kalle ni, na kalle ta. Ta gane, na san ta gane. Amma me za ta ce? Ta ce wa Nurzat ta hau kujera ta ciro.

Ba a daɗe da turara ɗakin ba, hayaƙi yana nan a sama. Zaren yana kwancewa, abin ya fasa ihun da ya sa na zubar da shayi a cinyata. Batir yana ciki, Toko. Ka mayar. Garken awaki a rufe yake.

Tsohuwa ta ce ai akwai wasu hulunan. Na ce to zan dawo gobe, Perizat tana bukatar bakwai. Ta kira ni dila, na ce na gode. Muka daidaita a kan za ta riƙa turare a bakin ƙofa, ƙofa a buɗe, na ɗan lokaci. Daga baya na ji ta nemi hula sau biyu, Nurzat ta ce duk suna cikin wanki. Maganar murhu kuwa na faɗa, amma da guguwar nan ta zo wa zai saurara? Kwana shida yana cike har baki.

Ranar 5, wajen sha biyun rana, Nurzat ta tafi famfo. Burul apa tana rumfar kwal a tsakar gida. Akmaral tana barci a ɗaure. Tsohuwa ta ce ta ji ƙarar da kunnenta mai kyau, ta ce a ranta, yi ta yi, 'yar nema. Sai ta dubi hannunta ta ga shebur ne a ciki, ba faranti ba. Ita ta fara shiga. Rabin ɗakin na sama ya yi baƙi ƙirin, silin yana zubo da garwashi. Ta durƙusa tana kwance majanyi, yatsu suka ƙi.

Nurzat haushin karen maƙwabta ta fara ji daga kwanar layi, sannan ƙarar. Ta yar da bokitai. Maƙwabta sun ce har titi aka ji muryarta, yarinyar da ba mu taɓa jin tarinta ba: "Apa, matsa!" Ba ta taɓa majanyi ba. Ta kama gadon gaba ɗaya ta ja shi da rarrafe har waje, ta koma ta jawo tsohuwa da ɗankwali yana ci. Kafin 'yan kwana-kwana su iso rufin ya faɗa.

Akmaral ko ƙwarzane babu, likita ya saurari ƙirjinta ya sallame ta a ranar. Burul apa ta ƙone a hannu biyu, ta shaƙi hayaƙi, kwana takwas ta yi a gado. An yi arba'in a makare, ni na zuba ruwan wanka cokali arba'in tun da ita hannunta a naɗe yake. Ermek ya kira yana kuka kamar yaro.

'Yan kwana-kwana sun duba takardarka, sun tsinto abin a toka ya narke kamar kitse. Sun ce ta yi aikinta. Maganar bututu kuwa suna son ganinka in ka sauko. Ba zan ɓoye maka ba, daga nan wutar ta tashi.

Kada ka damu da inda suke. Na sa an fasa kwaɗon gidan gaba, na zuba su a ɗakin Baba. An hura murhu, ɗaki ya yi ɗumi, tsohuwa tana sa Nurzat ta yi mata turarenta babu mai yi musu ihu. Amma ka ji abin mamaki: da bakinta ta ce in ka sauko a Fabrairu ka ɗaura musu wata shaiɗaniyar. Hular kuma tana ƙarƙashin matashin Perizat. Batir ɗinka yana jakata, ban san me zan yi da shi ba.

Ka ci abinci yanzu. Ka gaishe da Ishen.

Yayarka,
Kalica

*

Tasha, 19 ga Janairu

Eje,

Alhamdulillahi. Na karanta layin farko ya fi sau biyu. Allah Ya saka miki, Ya ba Perizat rabonta.

Na duba littafi. Mayar da batir ban rubuta ba, ashe na yi. "A kira magini" na rubuta sau uku, ban yi ba. Zan faɗa wa 'yan kwana-kwana haka, da Ermek.

Amma eje, gidan gaba babu ƙararrawa. Takardar ta ce gidan haya, ni kuma iya abin da takarda ta ce na yi. Murhun ɗakin Baba ya girmi na baya da shekara ashirin, kuma ban share bututunsa bana ba.

Kada a jira Fabrairu. Shagon bakin kasuwa, kanta na biyu, hannun dama. Abdish ya yarda zai kai ki, shi zai hau kujera. Guda biyu, ɗaya taki ce. Ki danna, ki riƙe, sai kin ji da kunnenki.

Batir yana jakarki.

Abdish bai kashe mota ba. Allah Ya tsare.

Ƙanenki,
Toktosun